Neman shawara: kilishina yana lalacewa a cikin leda

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa. Na gaji sana'ar kilishi a Kano, kuma bara na fara zuba shi a leda ina liƙewa da inji domin aika wa masu shaguna a Abuja da Legas. Da hunturu ban ga matsala ba, amma tun da damina ta kankama, kafin mako uku ake dawo mini da kaya: wasu ledojin sun yi gumi, wasu sun yi fumfuna, wasu kuma ƙanshinsu ya juya. Ba na son zuba sinadarin da ban san asalinsa ba a abincin jama'a. Shin idan na ƙara kanumfari da tafarnuwa a labu, wato haɗin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki, za su hana wannan lalacewa?

Wani dattijo mai sana'ar:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka tuhumi labu ka fara tuhumar shanya. Gumin nan shaida ne cewa ko naman bai bushe ba, ko ka rufe shi da sauran zafin gashi. Mu da muke naɗewa a takarda kilishinmu yana shan iska, ita kuwa leda duk laimar da ka kulle a ciki tana nan. Ka rage kaurin yanka da damina, kuma ka bari ya huce sarai.

Wata malamar kimiyyar abinci:
Maganar Baba ita ce tushe. Akwai ma'aunin ruwan da ƙwayoyin cuta ke iya amfana da shi a abinci, daga 0 zuwa 1. Bakteriyar Staphylococcus aureus, wadda ke zuwa daga hannu da hancin masu aiki, tana hayayyafa har wajen 0.86, fumfuna tana jure bushewar da ta fi haka, amma ƙasa da 0.6 babu abin da ke tsirowa.

Kanumfari yana da sinadarin eugenol, tafarnuwa tana da sinadarin allicin, kuma dukansu suna danne bakteriya. Sai dai kitse da furotin na nama suna rage musu ƙarfi, wuta tana lalata allicin, kuma yawan da zai isa shi kaɗai zai ɓata maka ɗanɗano. Ka ƙara su daidai misali tare da isasshen gishiri.

Masana'antu suna amfani da sinadarin hana abinci lalacewa mai suna nisin, mai lamba E234, wanda bakteriyar madara Lactococcus lactis ke samarwa. Yana yaƙar bakteriya irin su Listeria da Staphylococcus, amma ba ya taɓa fumfuna, kuma shi kaɗai ba ya iya wa bakteriyar Salmonella. Maganin fumfuna shi ne natamycin, E235, wanda a Turai ake sa wa a jikin busasshen tsiran nama irin na Turawa (sosej). Malam, kada ka sayi ko ɗaya sai ka tambayi NAFDAC abin da ta amince da shi a kilishi. Ina kuma roƙonka kada ka zuƙe iskar leda alhali naman yana da danshi, domin bakteriyar Clostridium botulinum a inda babu iska take tasowa, kuma gubarta tana kisa.

Wata mai sayar da tunkuza:
Ɗan'uwa, juyawar ƙanshin nan sau da yawa daga man gyada ne, saboda haka ka nemi tunkuzar da aka matse sosai. Ka tabbatar an tsince ruɓaɓɓiyar gyada, domin gashi ba ya kawar da gubar aflatoxin, wadda fumfunar gyada ke samarwa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba ya gano ni, domin da ɗuminsa nake liƙewa saboda sauri. Malama, a ina zan kai samfuri a auna mini ruwan nan?