Ina ƙaramin kamfani zai samu kuɗin binciken ƙera na'urar asibiti?

Mai gyaran lantarki, Wunti, Bauchi:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shagon gyaran kayan lantarki a cikin garin Bauchi, kuma ni da yarana mun haɗa fitilar da ake haska wa jariran da aka haifa da shawara, wadda take aiki da sola, saboda a asibitocin karkara wuta kan ɗauke a daidai lokacin da ake bukatarta. Fitilar tana aiki a kan teburinmu, amma babu likitan da zai yarda a kwantar da jariri a ƙarƙashinta ba tare da an auna ta an kuma gwada ta ba, gwajin kuwa ya fi ƙarfin aljihunmu. Banki bashi yake bayarwa, ni kuma ina tsoron cin bashi a kan abin da ban tabbatar zai yi nasara ba. Na ji cewa a Amurka gwamnati tana ba ƙananan kamfanoni kuɗin irin wannan bincike. Yaya tsarin yake, za mu iya nema daga nan, kuma akwai makamancinsa a Najeriya?

Malamin jami'a, Yelwa:

Wa alaikumus salam, Injiniya. Shirin da ka ji labarinsa shi ne SBIR, wato shirin tallafa wa binciken ƙirƙira na ƙananan kamfanoni, wanda dokar Amurka ta kafa a 1982. Dokar ta wajabta wa kowace hukumar tarayya da take kashe sama da dala miliyan 100 a shekara wajen ɗaukar nauyin bincike a wajenta ta ware wani kaso domin ƙananan kamfanoni, kason da ya kai 3.2 cikin ɗari. A fannin lafiya hukumar NIH ce take bayarwa, a fannin kimiyya da injiniyanci kuma akwai NSF, da ma'aikatun tsaro da makamashi, da NASA.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda aka rarraba shi. A mataki na farko ana ba da kuɗi kaɗan na wata shida zuwa shekara guda, don a ga ko dabarar mai yiwuwa ce. Wanda ya tsallake ne yake samun kuɗi mai kauri na kamar shekara biyu domin ya inganta samfurin. Mataki na uku shi ne shiga kasuwa, kuma a nan shirin ba ya ƙara ko kwabo, sai kamfani ya nemo masu zuba jari ko masu saye. Kuɗin ba bashi ba ne, gwamnati ba ta karɓar hannun jari, kuma haƙƙin mallakar ƙirƙirar yana nan a hannun kamfanin. Sun fahimci cewa bincike yana iya faɗuwa, don haka ba a ɗora wa mai shi biyan kuɗin ruwa.

Sai dai ba za ka iya nema ba, domin dole kamfanin ya kasance a Amurka, mafi yawan mallakarsa na 'yan ƙasar ko mazaunanta na dindindin, ma'aikatansa kuma ba su wuce 500 ba. Wanda ya fi kama da halin da kake ciki shi ne ƙanensa STTR na 1992, inda ake tilasta wa kamfani ya haɗa kai da jami'a ko cibiyar bincike: kamfani ya yi aƙalla kashi 40 na aikin, cibiyar ta yi aƙalla kashi 30.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:

Injiniya, Allah ya yi wa aikinka albarka, domin shawarar jarirai idan ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma lahanin ba ya gyaruwa. Amma ina roƙonka ka soma da awo kafin neman kuɗi mai yawa. Ba kowane shuɗin haske ne yake magani ba. Wanda yake farfasa bilirubin a fata, wato sinadarin da yake sa jikin mai shawara ya yi rawaya, tsawon zangonsa yana tsakanin nanomita 460 zuwa 490 a ma'aunin haske, kuma dole ƙarfinsa ya isa, ya game jikin jaririn daga ƙirji har ƙafa, ba tare da ya ɗumama shi fiye da kima ba. Na sha ganin fitila tana ci shuɗi shar, ga jariri an rufe masa ido da ƙyalle yana kwance, amma washegari sakamakon jini bai sauka ba, saboda ƙwayayen fitilar sun tsufa kuma babu na'urar auna haske a ɗakin. Idan fitilarka za ta riƙa nuna sa'o'in da ƙwayayenta suka yi aiki, kuma ana iya goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ta lalace ba, mu masu jinya za mu so ta.

Wannan batu na rashin haɗa kayan magani a gida yana ci mini tuwo a ƙwarya. Asibitin jinyar waɗanda maciji ya sara na Kaltungo yana jiharmu, dafin kububuwar ƙasar nan aka yi amfani da shi wajen samar da maganin EchiTAb, amma a Birtaniya da Kosta Rika ake haɗa shi.

Mai ba kamfanoni shawara, Fadaman Mada:

Malam ya yi bayani mai kyau, ni kuma zan taɓo ɓangaren gida. Asusun bincike na ƙasa da yake ƙarƙashin TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, don haka shagonka ba zai nema da kansa ba, amma malami a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi zai iya jagorantar neman, kai kuma ka shiga a matsayin abokin aiki. Dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta tanadi asusun jarin farawa, kuma kafin kamfani ya ci moriyarta sai ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ya samu shaidar da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA take bayarwa. Akwai kuma NASENI, wadda aikinta bunƙasa ƙere-ƙere ne, da NOTAP da take taimakawa wajen rajistar haƙƙin ƙirƙira.

A ganina giɓin da muke da shi shi ne rashin doka irin ta Amurka, wadda take tilasta wa hukumomi ware kaso tsayayye kowace shekara, ta yadda mai ƙaramin shago zai san lokacin nema da sharuɗɗansa. Kafin ka buɗe wa kowa cikin fitilar, ku rubuta yarjejeniya da ta fayyace wanda ya mallaki ƙirar. Gwaji a kan jarirai kuma sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da yardar iyaye, sayarwa kuwa sai da rajistar NAFDAC.

Mai gyaran lantarki, Wunti, Bauchi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan fara da neman inda zan auna hasken, a nisan da ake ajiye fitila daga gadon jariri. Malam, idan akwai wani a sashen injiniyan lantarki da yake da sha'awar kayan asibiti, ina so ka haɗa mu, zan kawo fitilar da zanenta Yelwa ya duba.