Kayan sojan Bama: musayar baitoci

Jikan Saje:
Na buɗe fage da kayan sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81, waɗanda suka ratsa kwarin Kaladan na ƙasar Bama (Burma) a 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Lee-Enfield a kafaɗa, mai cin harsashi goma,
Da ita aka tari Japan a dajin Bama,
Gurneti a ɗamara, Bren tana tsawa a sama,
Wanda bai san ƙarfe ba, gida ya kamata ya koma.

Mai Adda:
Jikan Saje, bindigarka ba ta sare gora,
Inda rana ba ta leƙo ƙasa, wa za ka hara?
Adda ce ta buɗe hanya, taka tana baya tana jira,
Ta share filin da jirgi zai jefo abinci, ta gyara.

Baba Tsoho:
Madalla, Mai Adda, ka rufe bakin yaro.

Malam Mai Awo:
Baba, a yi hattara da yabo, domin ɗango na huɗu ya zarce 'yan'uwansa tsawo har ya karya karin baitin, kuma wanda ya jera gora da gyara bai wahala wajen neman amsa-amo ba.

Mai Adda:
Malam, mai awon gaɓa, zo ka auna kayan ɗan dako,
Wanda ya ɗora akwatin harsashi a gammo tun farko,
Ya hau tudun da mota ba ta hawa, ya sauko.

Malam Mai Awo:
Ɗango uku ne wannan, ina na huɗun?

Hajiya Uwar Baiti:
Ku bar faɗa, 'ya'yana, kun manta da sauro,
Shi da zawo sun fi harsashi kwantar da taro,
Ƙwayar mepacrine kullum, babba da yaro,
Ita da gorar ruwa suka zama wa soja garu.

Malam Mai Awo:
Hajiya, da girmanki, garu ba ya amsa sauro.

Jikan Saje:
Na makara, amma ga amsata, a kan sojojin Janar Wingate na Birtaniya.

Bataliyoyin Najeriya sun bi Wingate cikin duhu,
Alfadarai na ɗauke da rediyo da buhu,
An yanke musu murya don kada su yi ihu,
Mai Adda, da kai aka fara, da mun samu hutu.