Wai makaranta ba ruwanta da abin da ya faru a gurup?

Maman Biyu:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Yarinyata shekararta 14, kusan wata biyu ke nan kullum da safe sai ta ce cikinta ko kanta na ciwo, ni kuma ina ta mata faɗa wai lalaci ne, ashe 'yan ajinsu ne suka sa ta a gaba. Shekaranjiya na duba wayarta na ga gurup ɗinsu na WhatsApp, sun ɗauki hotonta tana gyangyaɗi a aji baki buɗe sun mai da shi sitika, da ta yi magana sai a liƙa mata a yi ta dariya, har suna suka laƙaba mata wanda ba zan iya rubutawa ba. Ta fita sau biyu suna sake saka ta. Na je wajen firinsifal ya ce abin a waya ya faru kuma da dare, ba hurumin makaranta ba ne. Wai haka ne? Babu doka a kan irin wannan?

Dattijo:
Haba Hajiya, yara ne fa. Mu ma mun sha wuya a hannun siniyoyi ga mu nan ba abin da ya same mu. Ki karɓe wayar kawai magana ta ƙare.

Malamar Aji:
Baba da girmanka amma ban yarda ba. Naku da an tashi makaranta ya ƙare, wannan yana bin yarinya har kan gadonta, kuma hoto in ya fita ya fita. 'Yar uwa kar ki ƙwace wayar, za ta ga ita aka hukunta, gobe ko me aka mata ba za ki ji ba. Kafin su goge ki yi sikirinshot na komai yadda lamba da kwanan wata za su fito, ki shiga saitin na WhatsApp ki hana a riƙa saka ta gurup ba da izini ba, sannan ki koma makarantar da takarda a rubuce ki riƙe kwafi, maganar baki a ofis iska ce. Ki tambaye shi a ina aka ɗauki hoton? A ajinsa, lokacin darasi. To ina batun ba huruminsa ba?

Ɗalibin Lauya:
Anti doka kam akwai, ya danganta da ƙasar da kike. Filifins tun 2013 dokarsu ta tilasta wa kowace firamare da sakandare ta yi ƙa'idar hana cin zali, kuma ta haɗa da na waya ko a waje aka yi in dai ya dagula wa yaro zaman makaranta, wato irin uzurin firinsifal ɗin nan suka toshe. Japan ma 2013 ne, bayan wani yaro ɗan shekara 13 ya kashe kansa a garin Otsu a 2011. Faransa ce ta fi zafi, a 2022 ta mai da shi laifi mai zaman kansa, ɗaurin da zai iya kai shekara 3, in wanda aka zalunta ya kashe kansa ko ya gwada har shekara 10. Italiya kuma tun 2017 yaron da ya kai 14 da kansa zai iya neman a sauke abin daga intanet. A Najeriya sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ake dogara da shi, amma gyaran 2024 ya taƙaita shi, ya fi ƙarfi in akwai barazana. Ni dai gaskiya ban so a fara da 'yan sanda, yara ne su ma, makaranta da iyayensu za ki matsa wa, in suka yi kunnen uwar shegu ki kai hukumar ilimi da ke sama da su.

Maman Biyu:
Na gode wlh. Na yi sikirinshot ɗin ya fi arba'in, tana zaune kusa da ni ita take nuna min waɗanda na tsallake, akwai ma wani gurup ɗin da ban sani ba. Malama takardar da sunan firinsifal zan rubuta ko malamin ajinsu? Don yarinyar ta ce malamin ajin yana jin sunan da suke kiranta, wata rana har murmushi ya yi.