Shekara huɗu ina shan diazepam, yanzu mantuwa ta dame ni: ƙwaƙwalwata za ta dawo daidai?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana wannan fanni da waɗanda suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Shekara huɗu da suka wuce, bayan rasuwar mahaifina, barci ya ƙaurace mini, sai likita ya rubuta mini diazepam miligiram 5 in riƙa sha da daddare na mako biyu. Mako biyun nan ne suka zama shekara huɗu, kuma yanzu sai na sha miligiram 15 kafin barci ya ɗauke ni. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne mantuwa. Ni malamar makaranta ce, a da cikin mako guda nake haddace sunayen ɗalibaina, amma bana har zango ya ƙare ban riƙe rabinsu ba. Makon jiya maigidana ya tuna mini wata shawara da muka yanke da daddare kan karatun ɗanmu, na rantse ba da ni aka yi ta ba, sai da ya nuna mini saƙon da na tura wa ƙanwata da hannuna a daren. Abin mamaki, abubuwan da suka faru tun ina yarinya duk suna nan daram. Shin wannan farkon cutar mantuwa ta tsofaffi ce, alhali shekarata 41? Kuma idan na watsar da ƙwayoyin gobe, hankalina zai dawo yadda yake?

Mai Harhaɗa Magani ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifinki. Zan fara da tambayarki ta biyu saboda ita ce mai haɗari: don Allah kada ki daina sha farat ɗaya. Diazepam yana cikin dangin magungunan da ake kira benzodiazepine, tare da lorazepam da alprazolam da sauransu, kuma aikinsu shi ne ƙarfafa wani sinadari mai suna GABA wanda ke lafar da aikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan aka daɗe ana sha, ƙwaƙwalwa takan rage karɓar wannan lafarwar don ta daidaita kanta, shi ya sa miligiram 5 ya daina yi miki aiki. To idan aka janye maganin kwatsam, sai a bar jijiyoyin ba abin da ke tsawata musu, daga nan sai rawar jiki da gumi da fargaba da bugun zuciya, a wasu mutanen har da jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda takan iya halaka mutum. Shi kuwa diazepam yana daɗewa a jiki, yakan kai awa 20 zuwa 100 kafin rabinsa ya fita, don haka mutum zai iya yin kwanaki yana ganin ya tsira kafin abin ya far masa.

Mantuwar da kika bayyana kuwa sananniya ce ga waɗannan magunguna. Ba goge abin da ke ajiye suke yi ba, hana ajiye sabo suke yi, musamman a sa'o'in farko bayan an sha. Wannan ne dalilin da ya sa kike tuna yarintarki amma hirar daren nan ta ɓace, domin tun farko ba ta samu shiga ma'ajiya ba. Likitoci ma sukan amfana da wannan ɗabi'a da gangan, inda suke ba majinyaci midazolam kafin wasu ayyukan tiyata don kada ya tuna wahalar. Tun a 1988 kwamitin kula da amincin magunguna na Birtaniya ya ce kada a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su, a 2020 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsaurara gargaɗin da ke cikin takardar bayaninsu game da sabo da wahalar rabuwa. Ki guji haɗa shi da maganin tari ko na ciwo mai ɗauke da codeine ko tramadol, domin haɗuwarsu na danne numfashi.

Tsohon Akawu ya amsa:

Ƙanwata, ni ba likita ba ne, amma na bi wannan hanyar. Shekara shida na yi ina shan lorazepam, har ta kai sai in haɗa lissafin shafi guda sau uku in samu amsa uku mabambanta, in kuma karanta sakin layi in kai ƙarshe ban san abin da farkonsa ya ce ba. Sau ɗaya na yi gangancin dainawa da kaina, a dare na uku aka kwashe ni zuwa asibiti. Bayan haka likitan ƙwaƙwalwa ya mayar da ni kan diazepam saboda ya fi sauka a hankali, muka riƙa rage kusan kashi 10 cikin 100 duk bayan mako biyu ko uku, kuma duk lokacin da jiki ya yi tsauri sai mu tsaya a inda muke ba tare da mun koma sama ba. Wata goma sha ɗaya muka ɗauka. Miligiram biyun ƙarshe sun fi goman farko wahala, har sai da nake raba ƙwaya gida huɗu da reza. Ki sani kuma cewa a tsakiyar ragewar mantuwata ƙaruwa ta yi saboda rashin barci, na ɗauka na lalace ke nan. Sai kusan wata huɗu bayan ƙwayar ƙarshe na lura na karanta jarida daga farko zuwa ƙarshe kuma na iya ba matata labarin abin da ke ciki.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

'Yar'uwa, labarin Malam Akawu abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai ba na so ki ɗauke shi a matsayin alkawari. A 2004 wasu masu bincike a Ostareliya, Barker da abokan aikinta, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan waɗanda suka daɗe suna shan waɗannan magunguna, suka ga rauni a kusan kowane ɓangaren tunani da aka auna, ciki har da riƙe magana da saurin fahimta da tattara hankali. Sun kuma ga cewa bayan dainawa ana samun sauƙi a fili, amma mutane da yawa ba su kamo waɗanda ba su taɓa sha ba a watannin farko. Wato sauƙi yana zuwa, amma a hankali yake zuwa, kuma gwargwadonsa ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

Batun cutar mantuwa ta tsofaffi kuwa har yanzu ana jayayya a kansa. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya ta buga a 2014 ya nuna alaƙa tsakanin daɗewa kan maganin da cutar Alzheimer, wani kuma da ta buga a 2016 bai goyi bayan cewa maganin ne ke haddasa ta ba, kuma duka biyun a kan mutane masu shekara 65 zuwa sama aka yi su. A ganina, mace mai shekara 41 da ke shan miligiram 15 kowane dare ba ta buƙatar neman dalili daga nesa, ko da yake ya kamata likita ya duba jininki da aikin ƙwayar thyroid da ke wuyanki, ya kuma tambaye ki game da baƙin cikin rashin nan, domin ciwon damuwa shi kaɗai yana kawo mantuwa. Kada kuma ki yarda a musanya miki diazepam da wani maganin barci mai suna zolpidem da sunan ya fi sauƙi, domin a wuri guda suke aiki a ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi taimakon masu ragewa shi ne a haɗa da horon gyara ɗabi'ar barci a wajen masanin halayyar ɗan'adam, wanda ya ƙunshi tashi a lokaci guda kullum da barin gado idan barci ya ƙi zuwa. Tsarin ragewar da Malam Akawu ya bayyana ya yi kama da na Farfesa Heather Ashton ta Jami'ar Newcastle, wadda ta gudanar da asibitin masu wannan matsala daga 1982 zuwa 1994.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da jiya zan zubar da su, sai na ci karo da amsar farko. Na karɓi ranar ganin likita mako mai zuwa, kuma na rubuta adadin da nake sha da tambayoyina a takarda don kada in manta su a gabansa. Yaya Akawu, a watannin da kake ragewa ka ci gaba da zuwa aiki, ko sai da ka ɗauki hutu?