Baba ya bar suga ya koma zuma, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Bunkure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan da aka auna Babanmu aka ce yana da ciwon suga. Aka ce ya rage tuwon shinkafa, in zai ci shinkafar ma ya nemi wadda ba a goge mata dusa ba. Tun ranar ya hana a sa masa suga, amma ya sayo zuma kwalba guda, kullum da safe cokali uku a koko. Da na yi magana sai ya ce, "Kai yaro, abin da Allah Ya ce akwai waraka a cikinsa za ka hana ni?" Shinkafar kuwa ya ce abincin kaji ce. Makon jiya aka sake awo, sugan yana nan inda yake. Wanda ya taɓa jinyar dattijo mai irin wannan kafiya ya taimaka mini.

Ma'aikaciyar lafiya daga Auyo:
Wa'alaikumussalam. Allah Ya ba Baba lafiya. Da mahaifiyata na fara ganin haka, tata a fura take zubawa. Babban cokali ɗaya na zuma yana da sukari kusan giram 17, ka ga cokali uku ya kai 50, ga kuma kokon kansa. A giram 100 na zuma, wajen 82 sukari ne, 17 ruwa, abin da ya rage ɗan kaɗan ne. Sinadarin gina jiki kusan babu, harza (wato zare-zaren abinci da ciki ba ya narkarwa) ma haka, kuma da ka sha sai ta shiga jini da sauri. Dafaffiyar shinkafa mai dusa kuwa, a giram 100 akwai sitaci wajen giram 24, furotin biyu da rabi, harza kusan biyu, ga magnesiyam da bitamin B1. Harzar ce take sa ta narke a hankali. Amma kada a ruɗe ku: sitacin nan shi ma sukari yake zama a jiki. Inna ta taɓa jin "wannan ba ta da illa", ta riƙa cinye kwano guda, awo ya tona mana asiri. Sai da muka rage shinkafar, muka yawaita wake da zogale. Maganinsa na asibiti kuma kada ya ajiye.

Mai amya daga Doguwa:
Ni zuma nake sayarwa, to ka ji daga bakin mai kaya. Ayar gaskiya ce, tana Suratun Nahli, aya ta 69. Amma ka tambayi Baba cikin ladabi: wane magani ne ake sha babu awo? Kawuna mai ciwon suga ne, amyoyi a bayan gidansa, amma sai dai ya ɗan lasa. Sannan ka binciki kwalbar. Na sha ganin narkakken suga da mazarƙwaila ana kiransu zuma a tasha.

Mai gumi daga Kura:
Ɗana, bari in ba ka nawa labarin, don ni asara na yi. Maigida aka ce ya ci irin wannan shinkafar mai dusa, sai na ɗauki shanshera buhu guda na kai inji, na ce a cire ɓuntu kawai kada a goge. Na zuba a ɗaki lokacin bazara. Kafin a ci rabi ta fara wani wari kamar tsohon man gyaɗa, ga ƙwari sun far mata. Ashe dusar nan mai ne a jikinta, zafi yana lalata shi. Awaki ne suka ci ribar buhun.

Yanzu kwano biyu ko uku nake cashewa, in ta ƙare a ƙara. Kuma ba a dafa ta kamar fara. Jiƙa ta tun dare, a ƙara ruwa, a ba ta lokaci a wuta, in ba haka ba tsoho zai ce an ba shi tsaba. Wataƙila dalilin da Baba ya kira ta abincin kaji ke nan, ka tambayi masu girkin. Tuwo dai ba ta yin laushi irin na ɗanyar shinkafa, kada ma a wahalar da muciya. In ya ƙi ta ƙememe, 'yar gumi ta fi farar da ba a turara ba, don turarin yana tura wasu sinadaran dusar cikin ƙwayar tun kafin a cashe.

Malamin makaranta daga Haɗeja:
Goggo ta gama magana. Ni "abincin kaji" ɗin ne ya ba ni dariya, don da kaji aka gano amfaninta. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba na Indonisiya a shekarun 1890, ya lura kajin da ake ba gogaggiyar shinkafa ƙafafunsu suna shanyewa irin na masu cutar beriberi, in aka mayar da su kan wadda ba a goge ba sai su miƙe. Daga nan aka bi sawu har aka kai ga bitamin B1, shi kuma ya samu kyautar Nobel a 1929. Na ba surukina labarin nan, ya ce to shi ba kaza ba ne, amma dai ya fara ci.

Uwar biyu daga Ringim:
Ba a kan Baba ba ne, amma tunda ana maganar zuma. Da na haihu, kakar yaran ta kawo zuma za a lasa musu. Ungozomar asibiti ta hana, ta ce jaririn da bai cika shekara ba cikinsa bai iya yaƙar wata ƙwayar cuta da ake samu a zuma, tana iya saki masa jiki har numfashi ya gagara. An yi fushi da ni sati guda. Yanzu shekararsu uku, in tari ya kama su da dare ina ba su ƙaramin cokali, kuma yana lafawa.

Ɗan Bunkure:
Na gode, Allah Ya bar zumunci. Goggo, kin canka, Yaya ta ce ba su taɓa jiƙa ta ba. Jiya an jiƙa, an dafa da wake, ya ci bai ce komai ba. Zumar mun yi ciniki, ya sauko cokali ɗaya, amma ya ce shi zai zaɓi cokalin. Ranar Laraba za mu koma awo, zan tafi da kwalbar in nuna musu.