Shawarwarin masu walda kan sanda, wuta da yanka

A tattaunawar da tsofaffin hannu a sana'ar walda suka yi, an fi nanata daidaita ƙarfin wutar injin walda da kaurin sanda, wato siririn ƙarfen da ake narkarwa a haɗa ƙarafa da shi. Sanda mai lamba 6013 mai kaurin milimita 3.2 tana buƙatar amfiya (ma'aunin ƙarfin wuta) 90 zuwa 130, domin idan wuta ta gaza sai ta riƙa maƙalewa, idan ta yi yawa kuma ta huda ƙarfen. Sandar 7018 ba ta jure danshi, saboda haka a killace ta, musamman da damina. Game da yanka, sun hana cire murfin giranda (injin yanka da goge ƙarfe) da taɓa bakin tukunyar oksijin da maiko. Gargaɗin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne na tankin fetur, wanda ko an juye shi, tururin da ya rage a ciki yana iya fashewa idan aka yi masa walda ko yanka.