Gida, iyali ko tukunya? Cigiyar kalmar Hausa ga "household"

Jama'a, cigiya nake yi, kuma abin da ya ɓace mini kalma ce. Kwanan baya aka ba ni takardar tambayoyi in mayar da ita Hausa, irin wadda masu bincike ke yawo da ita suna tambayar abin da mutane ke ci da abin da ke fita daga aljihunsu. Kalmar "household" na cikin kusan kowace tambaya, ni kuwa hannuna ya yi ta rubuta "gida" bai ko yi shawara da ni ba. Sai da na kai takardar gidanmu na gwada ta sannan na ga ɓarnar da na tafka. Jiya na yi ɗan rubutu ina tambayar ku wace kalmar Hausa ce ta dace da ita, kuka kawo shawarwari.

Gidanmu na gado ne, a cikin birnin Katsina wajen Ƙofar Sauri. Zaure ɗaya, sassa huɗu. Na iske Gwaggo a tsakar gida tana tsinkar zogale a faifai, na durƙusa na gaishe ta, na ce ina son in yi mata tambayoyin 'yan boko.

"Gwaggo, mutum nawa ne a gidan nan?"

Ta ajiye faifai, ta shiga lissafi da yatsu, matan 'ya'ya da jikoki har da jaririyar da aka yi suna makon jiya. Ta ce talatin da ɗaya.

"To duk mako nawa kuke kashewa a abinci?"

Sai ta faɗi abin da ɗanta ke ajiye mata na cefane, a sashenta da mutum bakwai ne kacal ke ci. Gwaggo ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Ni ne na tambaye ta abu biyu da kalma guda.

Ga inda abin yake zama babba. Masu wannan bincike suna haɗa duk abin da aka ci aka kashe, su raba shi da yawan bakunan da ke ci, sannan su gwada da ma'aunin talauci. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019, ma'aunin shi ne naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kimanin naira 376 a rana a kuɗin wancan lokacin. Da shi aka ce kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya matalauta ne, mutum miliyan 82.9, ban da Borno da ba a sa a lissafin ba saboda rashin tsaro. Jiharmu ta Katsina ta haura kashi 56. To ka ɗauki cefanen mutum bakwai ka raba wa talatin da ɗaya. Ka mayar da gidan da ke cin tuwo da miyar nama gidan da ba a ɗora tukunya. Idan kuma aka yi akasin haka, ka azurta wanda bai karya ba a takarda.

Shi ya sa na ce "gida" ta faɗi. Ta yi faɗi da yawa. Gida gini ne da zaure da asali, har wanda ya shekara ashirin a Legas ɗan gidan nan ne.

Da na fara wannan magana jiya, da yawa kun ce "iyali". Ita ce ake ji a rediyo, na sani. Amma ku tambayi Bahaushe "ya iyali?" ku ji wa yake nufi: matarsa da 'ya'yansa, wani lokacin ma matar kaɗai, don kunya ta hana a ambace ta. A sashen Gwaggo akwai ɗiyar riƙo da aka kawo daga Mashi tun tana shekara huɗu, akwai ƙanin surukarta da ke karatu a jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua yana kwana a shagon ƙofar gida. Duk suna cikin awon da ake yi. Ɗanta na biyu kuwa yana Kano da aikinsa, iyali ne na jini amma ko loma ba ya ci a nan, sai dai ya turo kuɗi ƙarshen wata. "Iyali" ta fitar da masu ci, ta shigo da wanda ba ya nan.

"Magidanci" mutum ne, ba taro ba. Kuma ina za mu kai gwauruwar da ke riƙe da marayu da kuɗin ƙuli-ƙuli? "Ahali" da "zuri'a" sun ma fi gida faɗi, ban tsaya kansu ba.

Wani malami daga Daura ya kawo "gandu", kuma na ji daɗin wannan shawara fiye da sauran, don daga ƙasa ta fito. Gandu shi ne uba da 'ya'yansa maza, ko wa da ƙannensa, suna noma babbar gona tare, uban na ciyarwa yana yi musu aure, a da har haraji shi ke biya, kowane ɗa kuma da 'yar gayaunarsa. Baturiyar nan Polly Hill da ta zauna a Batagarawa, nan kusa da mu, ta yi nazari a kansa sosai, littafinta ya fito a 1972. Ita ce ta nuna wa masu ganin manoman ƙauye duk ɗaya ne cewa ba haka ba ne: wani na da hatsi a rumbu har damina, wani kuwa yana barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don ya samu na tuwon dare. Malam, Allah ya ƙara sani. Sai dai gandu taron aiki ne. Tela a Ƙofar Ƙwaya ba ya cikin gandun kowa, ma'aikaciyar asibiti haka. Ko a ƙauye ana iya noma tare a raba girki.

Wannan "raba girki" shi ya buɗe mini ido. Na koma wurin Gwaggo da yamma na sake tambayar da wata siga.

"Gwaggo, su wa ke ci daga tukunyarki?"

Ko yatsa ba ta ɗaga ba. "Mu bakwai ne, sai kwanon almajiri." Ta kuma ƙara da cewa, "Sashen kawunka ai tun rasuwar Malam suka raba tukunya, kai ba ka sani ba?"

Ashe kalmar na bakin tsofaffinmu tuntuni. "Tukunyarmu ɗaya." "Sun raba tukunya." Abin mamakin shi ne masu binciken ma a can ƙarƙashin Turancinsu wannan suke nufi: mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga girki ɗaya, suna da wanda suka yarda shi ne babba. Mu ne muka bar ma'anar muka bi kalmar.

Ku duba yadda take warware gidan mai mata biyu. Idan kwanan girki ake yi, yau uwargida gobe amarya, awo ɗaya daga maigida, to tukunya ɗaya ce komai kishin da ke tsakani. Idan kowacce an ware mata awonta tana dafa wa 'ya'yanta, ga alama tukunya ta rabu, sai mai tambaya ya bincika da kyau. Ciyayyar da maza ke yi a ƙofar gida bayan magariba ba ta ruɗa lissafin: kwano biyar ne a tabarma ɗaya, amma kowanne daga tukunyarsa ya fito.

Da na kawo shawarar "tukunya" a ƙasan rubutun jiya, wata Hajiya ta yi mini dariya, ta ce ranar da mai karanta labarai ya ce "an ziyarci tukwane sama da 22,000" za a zaci ƙidayar maginan tukwane aka yi. Hajiya, kin yi gaskiya, ni ma na dara. Saboda haka ga inda na tsaya. A bakin mai tambaya: "masu ci daga tukunyarku". A rubuce da rediyo: iyalin tukunya, jam'insa iyalan tukunya. "Iyali" ta ba kunne abin da ya saba, "tukunya" ta sa mata iyaka. Wani ya ce "murhu" ta fi daɗin faɗi, amma gida ɗaya yanzu ga murhun itace ga na gawayi ga na gas, duk don girki guda.

Saura ɗaya ɓangaren, na kuɗin da ke fita. Don Allah kada wanda ya sake rubuta "kashe-kashen gida". Na gani a wata fassara, kuma a wannan yanki namu, da halin da ake ciki, mai karatu gabansa ne zai faɗi. "Cefane" kuma ta yi kaɗan, don ba ta ɗauki kuɗin makaranta da magani da haya da kuɗin mota da katin waya ba. Ba ta kuma ɗauki geron da aka ɗebo daga rumbu ba, alhali masu bincike suna yi masa kuɗi da farashin kasuwa su sa a lissafi, tunda an ci shi. Ni "ɗawainiya" na zaɓa. Ɗawainiyar iyalin tukunya. Kalma ce mai nauyi a baki, kamar abin da take nufi.

A cikin ɗawainiyar nan akwai abin da nake so mu riƙa kira rabon ciki, wato kason da abinci ke cinyewa. Wani Bajamushe masanin ƙididdiga, Ernst Engel, ya lura tun 1857 cewa gwargwadon talaucin iyali, gwargwadon girman wannan kaso. A Najeriya a 2019 ya kai kusan kashi 57 cikin ɗari, kuma wannan kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ke nan. Duk wanda ya auni tiyar gero a kasuwa tun daga lokacin ya san ciki bai rage rabonsa ba.

Wasu sun ja ni zuwa "wellbeing", ko walwala ce ko jin daɗi ko rufin asiri. Ni rufin asiri nake so, amma wannan rigimar wata rana ce.

Abu ɗaya ya rage da ban iya warwarewa ba, mutanen Daura ku taimaka. Akwai wani mai gyaran waya a bakin titinmu, a shago yake kwana, safe mai shayi, rana mai shinkafa da wake, dare mai tuwo. A wurin masu bincike shi kaɗai ɗinsa "household" ne cikakke. Na kai wa Gwaggo ƙararsa, na ce ga mutum ba shi da tukunya, ya za mu kira shi? Ta ce, "Wannan kwano gare shi, a rubuta shi da kwano. In ya yi aure ka dawo da takardarka."